Wutar Lantarki A Karkara: Ilmin Kiyaye Haɗari Shi Ma Jari Ne

A duk ƙauyen da aka kai wa wutar lantarki a ƙasar nan, ranar da aka kunna ta takan zama ranar biki. Akan gayyato manyan baƙi, a yi jawabai, babban baƙo ya danna makunni, jama'a su ɗau tafi. Daga nan ɗan kwangila ya tattara kayan aikinsa ya kama hanyar birni. Abin da ba a cika tanada ba a cikin kuɗin irin wannan kwangila shi ne wanda zai zauna da mutanen garin ya bayyana masu yadda za su zauna da wannan baƙuwa ba tare da ta hallaka su, ko dabbobinsu, ko dukiyarsu ba.

Wannan batu ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, domin su ne ke zuba jari a injinan niƙa da na casar shinkafa, da gidajen kaji, da gidajen ƙanƙara, da injinan ban ruwa, kuma su ne ke bai wa manoma bashin taki da iri. Duk haɗarin da ya auku a karkara, ƙarshensa kan litattafan lissafinsu yake faɗawa.

Yadda wuta ke shiga karkara

Tarihin kai wuta ƙauyuka ba sabo ba ne. An kafa Hukumar NEPA a 1972, bayan an haɗe tsohuwar hukumar lantarki ta ECN da hukumar kula da madatsun ruwan Kwara. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar DFRRI, wadda kai wuta karkara na daga cikin ayyukanta. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ita ce ta haifar da Hukumar NERC mai sa ido kan harkar, da kuma Hukumar REA mai kula da samar da wuta a karkara. A watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, kuma biyar daga cikin goma sha ɗayan da aka kafa, wato na Kano, Kaduna, Jos, Yola da Abuja, su ne ke kula da akasarin jihohin Arewa. A 2015 aka kafa Hukumar NEMSA domin duba ingancin kayan wuta da aikin haɗa su. Sannan a 2023 aka yi wa tsarin mulki gyara, aka kuma sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, wadda ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu.

Duk da haka, bisa ƙiyasin da Bankin Duniya ya bayar a 2021, 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85, wato kashi 43 cikin ɗari na al'ummar ƙasa, ba su da wutar gwamnati, kuma galibinsu mazauna karkara ne. A watan Disamba na 2023 bankin ya amince da rancen Dala miliyan 750 domin samar da wuta, musamman ta hasken rana, ga mutane sama da miliyan 17. Bugu da ƙari, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, manoman rani da dama da suka saba da ƙananan injinan fetur tun zamanin shirin Fadama na shekarun 1990 suka fara komawa ga injinan ban ruwa masu aiki da sola.

Ma'anar wannan ita ce miliyoyin mutanen da ba su taɓa mu'amala da wuta ba za su fara yin haka cikin 'yan shekaru, ta hanyoyi uku a lokaci guda: layin kamfani, janareta, da sola. Kowace hanya da irin nata haɗarin.

Ƙanƙanin wutar da ke kisa

Abu na farko da ya kamata kowane mai koyarwa ya fahimtar da jama'a shi ne cewa wutar gida ma tana kisa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa babbar waya ce kaɗai abin tsoro, saboda sun sha jin wutar soket ta fizge su ba ta yi masu komai ba.

Ana auna ƙarfin turin wuta da bolt, ana kuma auna yawan wutar da ke gudana da amfiya. Wutar gida a Nijeriya tana da bolt 230 zuwa 240, ta injinan niƙa masu layi uku kuwa bolt 400 zuwa 415. Wayoyin da ke ratsa gonaki zuwa taransfoma suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, manyan turakun ƙarfe kuma 132,000 ko 330,000.

Idan aka kasa amfiya ɗaya kashi dubu, kashi ɗaya kacal ya isa mutum ya ji tsikarin wuta. Daga wajen kashi 10 zuwa 20, jijiyoyin hannu kan ƙage, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga kashi 50 zuwa 100, idan wutar ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har ta kai ga mutuwa. Tsohon ƙwan fitila mai wat 100 yana jan sama da kashi 400. Ke nan wutar da ke kunna ƙwai ɗaya ta ninka wadda ke iya tsayar da zuciyar ƙato sau huɗu.

Abin da ke raba wanda ya tsira da wanda ya mutu sau da yawa shi ne danshi. Busasshiyar fata tana tare wuta ƙwarai, amma jiƙaƙƙiya tana buɗe mata hanya. Manomin da ke tsaye ba takalmi cikin ruwan fadama, jikinsa sharkaf da gumi, idan ya taɓa injin da wayarsa ta saɓule, wutar da za ta bi ta jikinsa tana iya haura kashi 200. Wannan shi ya sa gona ta fi ofis haɗari, ko da wutar iri ɗaya ce.

Inda haɗarin ya fi yawa

Wuri na farko shi ne ƙarƙashin manyan wayoyi. Ƙa'idojin da Hukumar NERC ta fitar sun keɓe fili a ƙarƙashin kowane layi wanda ba a yarda a yi gini a cikinsa ba: mita 50 ga layin bolt 330,000, mita 30 ga na 132,000, da mita 11 ga na 33,000 da 11,000, wato mita biyar da rabi ta kowane gefe. Amma a garuruwa da yawa nan ne ake kafa rumfunan kasuwa, da tashar mota, da gidan kallon ƙwallo, saboda fili ne da ba mai shi. A watan Afrilu na 2017 babbar waya ta tsinke ta faɗa kan rufin kwanon wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, inda aƙalla mutane bakwai suka rasu. Irin wannan gini yana nan birjik a ƙauyukan Arewa.

Babbar waya ba ta bukatar a taɓa ta. Idan ƙarfe ko ɗanyen itace ya matso kusa da ita, wutar kan yi tsalle ta kama shi. Wanda ya ɗaga dogon bututun ban ruwa a tsaye, da makiyayin da ya hau bishiyar gawo ko maɗaci don saro wa dabbobi ganye da rani, da yaron motar da ya hau saman lodin buhuna, da direban tifa da ya ɗaga bayan motarsa, da masu haƙar rijiyar burtsatse, duk suna cikin wannan haɗari. Haka kuma ƙona daji da kaka yakan cinye gindin turakun katako, su zauna a raunane har iskar farkon damina ta kayar da su.

Wuri na biyu shi ne inda waya ta faɗi ƙasa. Wayar da ke kwance shiru tana iya kasancewa da wuta, kuma wutar tana bazuwa cikin ƙasa, tana raguwa gwargwadon nisa. Mutumin da ya yi dogon taku a wurin, ƙafarsa ɗaya tana inda wutar ta fi ƙarfi, ɗayar tana inda ta ragu, sai wutar ta bi ta jikinsa. Shanu sun fi mutum shiga wannan haɗari saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafunsu na gaba da na baya. Abin da ake koyarwa shi ne a tsaya nesa da wayar da aƙalla mita 10, wanda kuma ya tsinci kansa kusa da ita ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a hankali har ya fita. Direban tarakta ko mota da waya ta faɗo wa ya zauna a ciki har a yanke wutar, sai fa idan gobara ta tashi, sa'annan ya yi tsalle ya dira da ƙafafu a haɗe, ba tare da ya taɓa motar da ƙasa a lokaci ɗaya ba.

Wuri na uku shi ne cikin gida da wurin sana'a. A nan matsalar ita ce aikin araha: siririyar waya marar inganci a inda ake bukatar mai kauri, haɗi da aka naɗe da leda, fis da aka maye da zaren waya ko ƙusa, da injin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Wanda ya sa ƙusa a gurbinsa ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe. Wayar ƙasa kuwa, wadda masu wayarin ke kira atin, ita ce ke kwashe wutar da ta zubo jikin inji ta kai ta ƙasa. A Arewa ƙasa kan bushe ƙwarai da rani, aikin wannan waya ya ragu, don haka ana bukatar a kafa ƙarfenta da zurfi, a kuma riƙa auna ta. A ɗakin niƙa ko rumbun ajiya, inda ƙura da ƙaiƙayi suka cika, tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara.

Wuri na huɗu shi ne janareta. Wanda ya haɗa janaretansa da wayarin gida ba tare da makunnin canji mai raba shi da layin kamfani ba, yana tura wuta baya. Taransfomar da ke sauke bolt 11,000 zuwa 240 za ta yi aikinta a juye, ta ɗaga 240 zuwa 11,000, ma'aikacin da ke kan turke yana gyara da tabbacin an ɗauke wuta ya gamu da ajalinsa. Hayaƙin janareta kuma yana ɗauke da guba marar wari, wadda ke kashe iyali cikin barci idan an kunna shi a ɗaki ko a zaure.

Wuri na biyar shi ne sola, wadda mutane suka ɗauka ba ta da haɗari. Faifan sola ba shi da makunnin kashewa. Muddin rana na dukansa yana fitar da wuta. Idan aka jera faifai da yawa domin tada babban injin ban ruwa, ƙarfinsu kan kai ɗaruruwan bolt. Baturan ruwa kuma suna fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, saboda haka ba a ajiye su a rufaffen ɗaki.

Lissafin asarar

Masana tattalin arziki suna kallon haɗari ta fuska biyu: asarar da ake gani da wadda ba a gani. Wadda ake gani ita ce injin da ya ƙone, da rumbun da ya cinye, da shanun da suka mutu, da kuɗin asibiti. Wadda ba a gani ta fi yawa. A ɗauki misalin mai injin casar shinkafa a Kura ko Argungu, wanda gobara ta tashi a wurinsa a tsakiyar kaka. Shinkafar da ta ƙone ta mutane ce da suka kawo aiki, dole ya biya. Lokacin cinikin shekara ya wuce shi. Ma'aikatansa sun zauna. Bashin banki kuwa bai san an yi gobara ba. Galibin irin waɗannan ƙananan masana'antu ba su da inshora, kuma ko da akwai, kamfanin inshora na iya ƙin biya idan ya tabbata wayarin ba na ƙa'ida ba ne.

Idan kuma magidanci ne ya rasu, gida ya rasa mai noma masa, yara su bar makaranta, wanda ya ba shi bashin taki ya rungumi ƙaddara. Kamfanin rarraba wuta ma ba ya tsira, domin taransfoma ɗaya da ta ƙone saboda haɗin sata ko lodi fiye da ƙima tana iya barin gari cikin duhu wata da watanni, babu ciniki, babu kuɗin shiga.

A ɗaya gefen ma'aunin kuma akwai kuɗin rigakafi. Akwai wata na'ura da ake sawa a allon wuta, wadda ke yanke wutar cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da zarar ta ji kashi 30 cikin dubu na amfiya ya zurare ta wata hanya, kamar jikin mutum. Kuɗinta ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin injin da za ta tsare. Haka ƙarfen atin, da makunnin canji, da takalmin roba. Abin da ya fi su araha duka shi ne ilmin amfani da su. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A harkar wuta kuwa, arahar wayarin takan ci rai.

Yadda ya kamata a koyar

Ƙasar Amurka ta taɓa tsayawa inda muke. Lokacin da ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki. Hukumar ba ta tsaya ga kafa turaku ba. Ta tura ma'aikata gari gari suna kafa rumfa suna nuna wa manoma da matansu yadda ake amfani da kayan wuta, ƙungiyoyin gama kai na manoman kuma suka ci gaba da aikin. Darasin shi ne an ɗauki koyarwa a matsayin wani ɓangare na aikin kai wutar.

Nijeriya ba ta rasa hanyoyin isa ga manomi ba. Akwai malaman gona na hukumomin raya aikin gona na jihohi, irin su KNARDA a Kano. Akwai cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aikinta ke nan shirya saƙonni ga manoma. Akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a manyan ayyukan noman rani kamar na Kadawa da Bakolori. Akwai rediyo, wanda har yanzu ba shi da na biyu a karkara. Akwai hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai, da arɗo-arɗon Fulani, da sarakunan kasuwa. Malamin gonan da ke koya wa manomi yadda zai fesa maganin ƙwari ba tare da ya cutu ba, zai iya ƙara rabin sa'a kan batun wuta idan an horar da shi.

Sai dai koyarwar tana da sharuɗɗa. Na farko, a yi ta da harshen mutanen, Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko Nufanci, da hotuna maimakon dogon rubutu. Allon gargaɗin da aka rubuta da Turanci a jikin taransfoma bai amfani wanda ba ya karatun boko da komai ba. Na biyu, a nuna a aikace: a kai mutane gindin layi a auna masu mita biyar da rabi da igiya, a danna maɓallin gwajin na'urar yanke wuta su ga yadda take aiki. Na uku, a bi kalandar manomi: batun faɗuwar waya gab da damina, batun ƙona daji da lodin mota da kaka, batun injin ban ruwa da saran ganye da rani. Na huɗu, kada a manta da mata, waɗanda su ne ke gida da abin dafa ruwa da dutsen guga, da kuma yara masu hawan bishiya da wasa a gindin taransfoma. Darasin da yaro ya koya a firamare ko Islamiyya yakan isa gida kafin magariba.

Wajibi ne kuma a koyar da taimakon farko, domin sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu. Kada a taɓa wanda wuta ta riƙe. A fara kashe ta daga allo. Idan wutar gida ce kuma ba a iya kashewa ba, a tsaya kan busasshen wuri a ture shi da busasshen katako. Idan babbar waya ce, katako ba ya kariya, sai a nisanta a kira kamfani. Idan ba ya numfashi, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo. Kada a ɗura masa madara ko ruwa yana sume. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, saboda wuta kan yi ƙuna a ciki ta kuma taɓa zuciya. Gobarar wuta kuwa ba a zuba mata ruwa sai an tabbatar an yanke wutar. Yashi ya fi.

Mutum mafi muhimmanci a wannan shiri shi ne mai gyaran wuta na ƙauye, wanda akasari a hannun ubangidansa ya koyi aiki. Shi ne ke shiga kowane gida, kuma maganarsa ake ji. Hukumar NEMSA tana ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma akwai kwalejojin fasaha a kowace jiha da za su iya shirya masu gajeren kwas. Horar da mutum ɗaya irin wannan daidai yake da gyara gidaje ɗari.

Wa zai biya?

Tunda dokar 2023 ta ba jihohi dama, kowace jiha na iya shardanta cewa duk kwangilar kai wuta karkara ta ƙunshi kason koyarwa, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an tabbatar an yi. Kamfanonin da ke kafa ƙananan tashoshin sola a ƙauyuka suna da dalilin kansu na yin haka, domin abokin cinikin da ya san wuta ba ya ƙona masu kaya. Bankuna da ƙungiyoyin da ke ba da rancen injina za su iya neman shaidar cewa ƙwararre ya duba wayarin kafin su saki kuɗi, kamar yadda suke neman jingina. Dillalan kayan sola da injinan ban ruwa a kasuwannin Kano da Kaduna za su iya haɗa kowane inji da na'urar yanke wuta da takardar bayani cikin Hausa.

Shi kuwa ɗan kasuwar da ke da inji a karkara, ba sai ya jira gwamnati ba. Kafin kaka mai zuwa zai iya kiran mai takardar shaida ya duba wayarinsa, ya auna atin, ya cire duk fis ɗin da aka yi wa dabara, ya kuma tara ma'aikatansa ya nuna wa kowannensu inda babban makunni yake. Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma kuɗinsa bai kai na buhunan da gobarar sa'a guda za ta cinye ba.